Tafintar Gidan Gwaggo

Ni ba Faransanci na nema a jami'a ba. Karatun lauya na cike a fom, sai ga sunana a sashen harsuna, wai nan ne gurbi ya rage. Kwana biyu ina kuka a gidanmu na Bungudu, Inna tana ta rarrashi. Baba kuwa da aka yi masa bayani cewa yaren mutanen wata ƙasa zan koya, sai ma fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe hab bakin mutane ake karantawa a jami'a? To ki tai ki koyo muna shi." Manomi ne, bai taɓa zama a aji ba, amma mutum ne mai son a ce nasa ya san abin da wani bai sani ba.

A majalisarsu ta ƙofar masallaci ya sha tsiya a kaina. Wani ya ce wa za ta yi wa Faransanci a Bungudu, awaki? Wani ya ce da ma malamar asibiti ya sa ta zama, ko allura ta yi wa mutane. Baba ba ya ramawa a can. Sai dai in na zo gida, in aka yi baƙo, ya aika a kira ni zaure, ya ce, "Yi musu kaɗan su ji." Ni kuwa in gyara mayafi in zubo. Baƙo ya riƙe baki, Baba ya yi ta dariya har da buga gwiwa.

Abin da nake zubowar, wallahi kunyar faɗarsa nake ji yanzu. Hira ce tsakanin mai sayen tikitin jirgin ƙasa da mai sayarwa. Haka ake yi mana jarrabawar baki: a raba mu biyu-biyu, a ba mu takarda mai hira a rubuce, mu je mu haddace, ranar jarrabawa mu tsaya gaban malami mu rattaba. Abokiyar haddata 'yar Mada ce, ita ce mai sayar da tikiti, ni ce matafiya. In ta tsallake layi guda, shi ke nan na tsaya cik, don kunnena ba maganarta yake saurare ba, jiran ƙarshen layinta kawai nake in saka nawa. Akwai wani ɗaki da aka ce na koyon sauraro ne, mukan leƙa ta taga mu ga na'urorin kunne jere an lulluɓe su da leda. Shekara uku, sau ɗaya muka shiga, muna zama aka ɗauke wuta. An ce za a kai mu kudu mu yi watanni cikin masu yaren, kullum ana ɗagawa, yau yajin aiki, gobe hanya ba kyau.

Kuma fa ina ci! Kar ka so ka ga makina. Na san kogunan Faransa, na san sarakunansu da wanda aka sare wa kai, na san abin da suke fara ci a teburi da abin da suke rufewa da shi. Na haddace sunayen cuku iri goma da ban taɓa jin ko warinsu ba. In aka ba ni rubutu in fassara da ƙamus a gefena, ba ni da sa'a a ajinmu. Har na fara jin kaina. Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa ban iya ba, ni kuma ban nemi wanda zai gaya mini ba.

Hutun ƙarshen shekarata ta uku ban yi shi a Bungudu ba. Lokacin da abubuwa suka dagule ne a jiharmu, aka yanke layukan waya gaba ɗaya, aka rufe kasuwannin ƙauye. Gidanmu a gefen gari yake, Baba ya ce in zauna Gusau wurin ƙanwarsa, a Tudun Wada, sai an ga yadda hali ya yi. Gwaggo bazawara ce mai baki, tana sayar da man gyaɗa da ƙuli, tana da ɗakuna biyu na haya a tsakar gidanta. Mai haya a ɗaya daga ciki wani mai aikin tayil ne, mutumin Togo, ya daɗe a Gusau, yana jin Hausa irin ta wurin gini. Watanni biyu kafin zuwana ya je gida ya ɗauko matarsa da 'yarsu mai shekara uku. Matar ko "sannu" ba ta gama iyawa ba. Da hannu suke magana da Gwaggo, kuma suna shiri.

Ranar da na sauka, ko jakata ban ajiye ba Gwaggo ta ja ni ƙofar ɗakinsu. "Ga mai jin bakinku nan na kawo miki! Jami'a take karanta shi." Na gaishe ta yadda aka koya mana. Matar nan ta saki tsintsiyar hannunta, ta dafa ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Sai ta ɓalle da magana. Kai! Kamar an buɗe famfo. Ina tsintar kalma ɗaya, goma sun wuce. Ba irin maganar malamanmu ba ce mai tafiya a hankali tana jiranka, wannan maganar mutum ce da ya yi wata biyu bai samu wanda zai gaya wa komai ba. Na yi ta murmushi ina gyaɗa kai.

"Me ta ce?" in ji Gwaggo.

"Ta ce ta ji daɗin zama da ke."

Gwaggo ta ji daɗi, matar ta ji daɗi, ni kaɗai na san ban gane komai ba. Daga ranar na shiga wasan ɓuya da ita. In na ji motsinta a bakin rijiya sai in buɗe littafi in haɗe rai, wai karatu ya yi yawa. Gaisuwa dai nakan yi mata daga nesa, da ƙarfi, don Gwaggo ta ji.

'Yar tata wata 'yar siririya ce mai manyan idanu, ba ta cika gudu da yaran unguwa ba. Takan zauna kusa da kaskon Gwaggo tana jiran a miƙa mata ƙuli mai ɗumi. Uwar ba ta bari ta taɓa ruwan sanyi, ko wanka sai ta ɗumama, kuma kullum tana bin ta da kofi tana ɗura mata ruwan sha. Gwaggo takan ce, "Wannan mata da kinibibi take, sai ka ce a kanta aka fara haihuwa." Na yi dariya tare da ita.

Mijin ya samu aikin wani gida a Tsafe, ya tafi zai yi mako guda, don zirga-zirga a hanyar nan lokacin ba abin wasa ba ce. Kwana huɗu da tafiyarsa Baba ya zo daga Bungudu da safe, ya kawo wa Gwaggo gero da wake. Yana zaune a kan tabarma a tsakar gida yana shan kunu, sai ga matar ta fito da yarinyar a kafaɗa, ko ɗankwali babu. Kai tsaye wurina ta nufo. Yarinyar ta yi laƙwas, tana wani kuka siriri, hannuwanta sun kumbura. Gwaggo ta taɓa goshinta ta ce, "Subhanallahi, wuta!" Ba waya balle a kira mijin. Baba ya ajiye kofi ya ce a tafi asibiti yanzu, shi ma zai raka mu. Ya dube ni ya ce, "To ga ranar karatunki ta zo."

Wani ƙaramin asibiti muka je a napep, nan kusa. Cike yake maƙil, yawanci mutanen ƙauye da suka gudo gari, mata da yara har a kan baranda. Mun fi awa biyu kafin a kira mu. Malamin asibitin da ke duba marasa lafiya ya gaji, idonsa ya yi ja, bai ko ɗago ba ya ce, "Me ke damunta?" Gwaggo ta ce uwar ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Ya ajiye biro ya yi tsaki. Kafin ya ce wani abu Baba ya matso daga bakin ƙofa.

"Likita, kak ka damu. Ga ɗiyata nan, Faransanci taka karantawa a jami'a. Duk abin da matag ga tac ce, ita za ta hwaɗa maka."

Malamin ya ɗago ya dube ni, har da ɗan girmamawa. "Ma sha Allah. To Malama, tambaye ta yaushe abin ya fara."

Wannan na iya haɗa shi. Na tambaya, ta amsa, na tsinci "kwana biyu" na tsinci "zazzaɓi". Na faɗa. Baba ya gyara tsayuwa. Amma matar ba ta tsaya nan ba. Ta ci gaba, da sauri. Ta ɗaga hannun yarinyar tana nuna gaɓoɓin yatsu. Ta ja fatar idonta ƙasa ta nuna mini cikin. Ta nuna lanƙwasar hannun yarinyar, ta ɗaga yatsu biyu. Ta kama zanena tana jijjigawa, tana maimaita wata doguwar magana, idonta cikin nawa. Ni kuwa kunnuwana sai shuuu suke yi. Ko rabin rabi ban kama ba.

"Me take cewa?" in ji malamin.

Nan ne wurin. Na sha komawa ɗakin nan a raina, na san inda kowa ke tsaye. Abin da ya kamata in ce bai fi kalma huɗu ba: ban gane ta ba. Da na faɗa, da an nemo wani, akwai mutanen ƙasarsu a wuraren gini ko'ina a Gusau, ko a ce mu wuce babban asibiti. Amma Baba yana bayana, ina jin numfashinsa. Mutumin da aka yi wa dariya shekara uku a ƙofar masallaci, yau ga shi gaban likita, ga mutane sun leƙo ta taga suna kallon 'yarsa tana yaren Turawa. Mu ba a rene mu mu kunyata uba a gaban jama'a ba. Haka na daɗe ina gaya wa kaina. Ƙarya ce, ko in ce rabin gaskiya. Kaina na ji wa kunya, shi na fake da shi.

Na ce, "Ta ce jikinta duk ciwo yake yi, ba ta cin abinci, ba ta barci."

"An taɓa kwantar da ita? Tana da wani ciwo da aka sani?"

Na juya na haɗa wata tambaya gurguwa. Matar ta ce e, e, da ƙarfi, wannan kam na ji shi sarai, ta sake kwararo bayani tana nuna hannun nan. E ɗin me? An kwantar da ita, ko tana da ciwo, ko dai ba ta gane tambayata ba ne? In na ce ta ce e, zai ce wane ciwo, kuma ba ni da amsa.

Na ce, "Ta ce zazzaɓi dai takan yi lokaci-lokaci."

Ya duba idon yarinyar sama-sama, ya ce maleriya ce, jininta ya ɗan yi ƙasa. Aka yi mata allura, ya rubuta magani, ya ce a riƙa ba ta alayyafo da wake, in ba sauƙi bayan kwana uku a dawo. Matar ta tsaya tana kallonsa tana kallona, kamar mai jiran sauran magana. Ta tambaye ni wani abu. Na ce mata ba komai, za ta warke. Wannan jimlar na iya ta da kyau. Na ga kafaɗunta sun sauka, ta yarda da ni.

A hanya Baba ya kasa rufe baki. Har mai napep sai da ya ba shi labari. Da zai koma Bungudu ya tsaya a zaure ya ce, "Yau kin hidda ni kunya. Bari in je in ga mai cewa awaki." Ya sa mini albarka ya tafi.

Abin da ya fi cina ba ɗakin likitan ba ne, kwana biyun da suka biyo baya ne. A ɗakin likita sai in ce ruɗewa na yi. To bayan nan fa? Baba ya tafi, ba mai kallona. Taku goma ne tsakanin ɗakin Gwaggo da nasu. Da na ɗauki ƙamus da takarda na je na ce ta yi mini a hankali, kalma-kalma, ko ta rubuta, ai rubutu shi ne abin da na iya. Da na gaya wa Gwaggo gaskiya, zagi ne kawai zan sha, na saba da bakinta. Ban yi ko ɗaya ba. Ina jin kukan yarinyar ta bango, ina ce wa kaina maleriya ce, wane yaro ne ba ya yi. Washegari matar ta kawo mini wani tuwon masara irin nasu da miyar kuɓewa a rufe, ta durƙusa ta ajiye. Na karɓa na ci.

Gwaggo ce ta yi hankalin zuwa tasha ta ba wani direban Tsafe saƙo a gaya wa mijin. Ya iso rana ta uku da hantsi, siminti a ƙafarsa. Ina wanke-wanke na ji ya shiga ɗaki, sai na ji ihunsa. Ya fito da yarinyar a hannu, kanta na lilo, leɓenta fari fat. Ya ce, "Mama, me ya sa ba a sa mata jini ba? Sikila ne da ita! Sau biyu ana sa mata jini a gida!" Gwaggo ta ce, "Sikila?" Ta juyo ta dube ni. Kwanon da ke hannuna na ci gaba da cuɗawa.

Suka ruga babban asibiti. An ce an sa hannu a kanta nan take, uban ya ba da jininsa aka tafi aunawa. Kafin a gama, yarinyar ta cika, ana kiran la'asar.

Mutanen cocinsu suka zo suka yi abin da suke yi, suka kai ta. Gwaggo ba ta tambayi addinin kowa ba, ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, matan unguwa suka yi ta shigowa suna zama, suna yi wa uwar gaisuwa da Hausar da ba ta ji. Ni ina ɗaki, na ce kaina ke ciwo. Gwaggo ko kallon inda nake ba ta yi. Rana ta biyu da yamma ta ɗaga labule ta ce, "Tashi, suna kiranki."

Na fito. Suna zaune a ƙofar ɗakinsu, mata biyar ko shida na gefe. Uwar ta rame a kwana biyu, muryarta ta dishe. Na tsuguna. Na zaci za ta shaƙe ni, kuma wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta kama hannuna biyu ta riƙe, ta yi magana a hankali. Karo na farko da ta yi mini magana a hankali ke nan, amma mijin bai jira ni ba, shi ya fassara don matan su ji.

"Ta ce ta gode. Ta ce a garin nan ke kaɗai kika tsaya mata. Ta ce ta gaya miki komai, ke kuma kin gaya wa likita, tana gani da idonta. Shi ne ya raina ta don baƙuwa ce."

Matan suka ɗauki salati. Wata ta ce haka suke, in ba ka da kowa ko kallonka ba sa yi. Wata ta ce Allah ya isa. Mijin ya share fuska da tafin hannu, ya matso kusa da ni. Idonsa ya kumbura, amma muryarsa a kwance take, da ladabi.

"Malama, ina so in ji daga bakinki, don in na je wurin mutumin nan in san abin da zan ce. Kin gaya masa sikila ne da ita, ko?"

Gwaggo tana tsaye jikin turmi, ta harɗe hannu. Uwar tana riƙe da hannuna, tafinta da ɗumi. Wannan tambayar da Hausa aka yi mini ita, babu kalmar da ban gane ba.

Na ce, "Na gaya masa."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya saka mini da alheri. Ya sa takalminsa ya fita, aka bi shi ana ba shi haƙuri. Na ji daga baya cewa ya je asibitin ya yi ta ihu a baranda, ya kira malamin nan mai kisan kai a gaban marasa lafiya, sai da aka fitar da shi. Malamin ya rantse ba a gaya masa ba, babu wanda ya yarda da shi a unguwarmu. Bayan mako biyu suka kwashe kayansu suka koma ƙasarsu. Da za su shiga mota matar ta rungume ni tana kuka, ni ma ina kuka, mutane suna cewa dubi yadda suka shaƙu.

Da muka dawo cikin gida Gwaggo ta rufe ƙofar zaure, ta tsaya ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ina cikin ɗakin likitan nan fa, 'yar nan. Ni ba na jin bakinsu, amma Hausa ina ji. Ban ji kin ce sikila ba."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Ubanki ba zai ji daga gare ni ba. Ki je ki gama karatunki."

Na je na gama, da sakamako mai kyau. Baba ya yanka rago.